Damina ɗaya a layin tallafin taki

Ni ne magatakardan ƙungiyar manomanmu. Ba don na fi kowa iya riƙe fartanya aka zaɓe ni ba. Na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli, rubutuna yana karantuwa, kuma ba na ƙosawa da cike fom. Saboda haka ranar da malamin gona ya zo da sanarwar cewa gwamnati za ta ba da taki da iri a kan rangwame, kowa ya juyo ya dube ni, aka miƙo mini littafin rajista tun kafin a tambaye ni ko na yarda.

Bayanin da ya yi mana ba shi da wuyar ganewa. Duk manomin da sunansa ya shiga zai karɓi buhu biyu masu kilo 50, ɗaya kamfa ɗaya yuriya, da ƙaramar jakar ingantaccen irin masara. Manomi ya biya rabi, gwamnati ta biya wa dila sauran. Babu takardar da za ta bi ta hannun wani. Saƙo ne zai shigo wayarka ɗauke da lamba, ka je ka nuna, ka ɗauki kayanka. Ya ce an tsara haka ne don a kawar da masu tsayawa a tsakani. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Daga nan ya karanto sharuɗɗa: katin shaida, hoto, lambar waya da aka yi wa rajista da sunanka, shaidar cewa gonar taka ce, kuma sai an zo an auna ta, kada ta gaza rabin hekta.

Kawuna, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, "Malam, a wane wata takin zai iso?" Malamin gona ya ce, "Baba, kafin ruwan shuka." Kawu ya yi murmushi, ya jawo sandarsa. Da za mu tashi ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da biro a kan sunana." Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Mako biyu na yi ina rajista, kuma a nan na fara gane cewa wanda ya zana fom ɗin bai taɓa zama da irin mutanen da za su cike shi ba. Mutum 73 suka zo. Akwai wanda sunansa a kati daban da yadda aka rubuta shi wajen rajistar waya, harafi ɗaya tak, amma na'ura ba ta san ɗan'uwa ba. Akwai gida mai manoma huɗu da waya ɗaya. Mata da yawa ba su da kati ko kaɗan, alhali ni shaida ne su ke duƙe a gonakin tun daga shuka har girbi. Babbar matsalar dai ita ce layin da aka rubuta "mai gona". Kusan ɗaya cikin kowane huɗu da suka zauna gabana ba a gonarsu suke noma ba: wani haya ya kama, wani aro aka ba shi, wani jingina ce a hannunsa. Wanda ke da takardar filin yana birni, bai san inda kunya ta fara ba. Idan na rubuta mai takarda, taki ya tafi birni. Idan na rubuta mai noman, fom ya dawo.

Cikin waɗanda suka fi tsaya mini a rai akwai wata dattijuwa da muke kira Inna. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ba a raba gado ba, gonar tana nan da sunansa, ita ke nomawa tare da jikoki biyu. Ta zo da katin marigayin a naɗe cikin leda, ta ajiye a gabana. Na ce, "Inna, wannan ba zai yi ba, sai naki." Ta ce, "Malam, gonar ai ba ta san ya mutu ba, kullum sai ta nemi taki." Na rubuta sunanta duk da haka, na sa alamar tambaya a gefe, na tura.

Sai awo. Wasu samari biyu suka zo da na'ura, ɗaya ya bi iyakar gona da ƙafa, na'urar tana zana taswira ta tauraron ɗan'adam. Ni da nake bugun ƙirji cewa ina da eka biyar, sai ga shi an rubuta mini hekta 1.3, wato eka uku da ɗan ɗoriya. Na yi gardama, yaron ya nuna mini zanen, na yi shiru. Gonar da kakanmu ya noma a dunƙule an yanka ta tsakanin 'ya'ya, an sake yankawa tsakanin jikoki, kowa kuma yana riƙe da girmanta na dā a cikin kansa. Mutum tara aka tarar gonakinsu ba su kai rabin hekta ba. Su ne mafi talauci a cikinmu, su ne kuma awo ya fara zubarwa.

A ranar ce kuma na ga wata dabara. Akwai wani mai hali a yankinmu, yana da tarakta da fili mai faɗin gaske. Dokar shirin ta ce buhu biyu ga kowane manomi, komai girman gonarsa, don kada manya su kwashe. Sai ya yanka filinsa a takarda, ya rubuta 'ya'yansa, da direbansa, da 'yan ƙwadagonsa, kowa da katinsa, kowa da layin waya sabo fil. Babu sharaɗi ɗaya da ya karya a rubuce. Fom ɗinsa ne ma suka fi na kowa tsabta.

Jerin sunaye ya dawo da mutum 55. Babu Inna a ciki.

Daga nan sai jira, kuma jiran ne ya fi kowane mataki cin rai, domin masara ba ta san ofis ba. Kamfa ana so ya shiga ƙasa lokacin shuka ko cikin mako biyu da tsira, domin saiwa ta kama. Yuriya kuwa, wadda kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, ana ba da ita wajen mako huɗu zuwa shida, lokacin da shuka ke miƙewa tana neman abin ci. Ka wuce waɗannan kwanaki, ko ka zuba buhu goma ba za ka maido da abin da ya tafi ba. Ruwa ya sauka, muka yi shuka da irin da muka ajiye, tunda na shirin bai zo ba. Muka yi noman fari. Kowace safiya sai an buga mini ƙofa: "Malam, saƙon ya shigo?" Kamar ni nake aika shi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne kasuwa ma ta bushe. 'Yan kasuwar da suka saba sauke taki tun rani suka ƙi sauke da yawa a wannan shekarar. Na tambayi ɗayansu, ya ce, "Malam, in zuba jarina a kan kayan da gobe gwamnati za ta sayar a rabin kuɗi? Wa zai saya a hannuna?" Gaskiyarsa. Ɗan abin da ke akwai ya ƙara tsada. Wato tallafin da bai iso ba ya riga ya taɓa aljihun har wanda bai nema ba. Kawu kaɗai ne hankalinsa kwance. Tun kaka, ranar da ya sayar da hatsinsa, ya sayi buhunansa ya jingine a ɗaki, ya kuma kai takin dabbobi gona tun kafin hadari ya fara haɗuwa.

A cikin waɗannan makonni ne gardama ta kafu a ƙofar gidana, kusan kowane dare. Yayana yana cikin masu cewa tallafi haƙƙi ne, kuma duk mai cewa a cire shi bai taɓa kwana da tunanin kuɗin taki ba. Kawu yana cewa a cire a huta. 'Yata, wadda ke karatun tattalin arzikin noma a jami'a, ta zo hutu ta tarar da mu a haka, ta jawo kujera.

Hujjar yayana ita ce wadda na fi ji a bakin manoma, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce a shekarun 1980 Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka matsa wa ƙasashe matalauta su janye tallafin taki da na iri a matsayin sharaɗin bashi, alhali ƙasashen da ke da babbar murya a waɗannan hukumomi ba su daina tallafa wa nasu manoman ba ko na shekara ɗaya. 'Yata ta ce, "Baffa, a nan kam ka yi gaskiya." Ta ce Amurka ta fara tun 1933, zamanin shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya karye har gwamnati ta riƙa biyan manoma don su rage shuka. Turai ta kafa tsarinta na bai ɗaya na tallafin noma a 1962, kuma har yau yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar Turai. Ta kawo batun auduga: a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancun a 2003, ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka cewa tallafin da ake ba manoman auduga a ƙasashe masu arziki yana karya farashi a duniya, yana talauta nasu. Brazil, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ta kai ƙarar Amurka a 2002, ta yi nasara, aka rufe maganar a 2014 da biyan dala miliyan 300. Ƙasashen nan huɗu ba su da irin wannan ƙarfi. Yayana ya buga cinya ya ce, "To kun ji!"

Sai ta ce masa ya dakata, labarin bai ƙare ba. Ta tambaye shi, a cikin waɗannan ƙasashe masu tallafin, ina ƙananan manoman suke? A 1935 Amurka tana da gonaki miliyan 6.8. A ƙidayar 2022 ba su kai miliyan 2 ba. A Tarayyar Turai, tsakanin 2005 da 2020 gonaki sun ragu da fiye da miliyan 5, kuma mafi yawan waɗanda suka ɓace ƙanana ne. Duk wannan ya faru ne ana cikin zuba kuɗi. Akwai dalilai da dama, injuna da ayyukan birni suna ciki, amma ta tsaya a kan ɗaya: a Turai yawancin kuɗin bisa hekta ake biya, mai hekta 500 ya karɓi na 500, mai biyar ya karɓi na biyar. Shi ya sa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin ke tafiya hannun kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. Babba ya karɓi nasa ya sayi gonar maƙwabci, farashin ƙasa ya tashi, matashin da ke son fara noma ya kasa saye ko haya. Da ta faɗi haka sai mai taraktarmu ya faɗo mini a rai. Nahiya daban, doka daban, amma ruwan gangare ɗaya yake bi.

Kawu ya ji daɗi, ya ɗauka ta shigo ɓangarensa. Ya taɓa jin labarin New Zealand a rediyo, ya riƙe shi kamar laya: a 1984 gwamnatinsu ta soke kusan duk tallafin noma, kuma noma bai mutu ba. 'Yata ta ce haka ne, har ma sun daina tara tumakin da suke kiwo don neman kuɗin gwamnati kawai, tumakin da suka kai miliyan 70 a 1982. Amma ta ce, "Kaka, manomin can yana da ɗaruruwan hekta, da banki, da titi har ƙofar gona, da jirgin ruwa mai kai kayansa ƙasashen waje. Idan aka janye masa tallafi yana da inda zai dafa. Inna fa, me za ta dafa?" Kawu ya ce ai abin da yake faɗa ke nan: a ɗauki kuɗin takin a yi hanya, a gina sito, a yawaita malaman gona, a bar mu da kasuwa. Ya ce buhu biyu damina ɗaya suke yi, hanya kuwa jikoki ma za su taka.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ina ganin rabin gaskiya tana hannunsa. Rabin da ya manta shi ne shi yana da abin da zai sayar a kaka ya sayi taki. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, hanya mai kyau ba za ta sa masa buhu a gona ba.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Malawi, kuma shi ne wanda kowane ɓangare ke jawowa. A 2005, bayan mummunan girbi da yunwa, shugaba Bingu wa Mutharika ya ƙi bin shawarar masu ba da bashi, ya raba wa ƙananan manoma takardun rangwame na buhu biyu da iri. Masara ta yi albarka, har a 2007 ƙasar ta sayar wa Zimbabwe. Yayana a nan yake tsayawa. 'Yata kuwa sai ta ƙarasa: da farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 2008, shirin ya lashe wajen kashi 16 cikin 100 na kasafin ƙasar gaba ɗaya, kuɗin da asibiti da makaranta da bincike ke jira. Yuriya da iskar gas ake yin ta, saboda haka duk gwamnatin da ta yi alkawarin rabin kuɗin buhu ta ɗaure kasafinta ne a ƙafar farashin da ba ita ke yanke shi ba. An sake ganin haka a 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006 sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba.

Muna cikin wannan musu masarata ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya daga baki yana bin tsakiya. Duk manomi ya san wannan launi. Na daina jira. Na sayar da akuya biyu na sayi buhun yuriya ɗaya a kan tsadarsa, na bi layi ina tona rami kusa da gindi ina binnewa, domin in ka watsa ta a sarari rana da iska su sha rabonsu kafin shuka ta samu. Matata ta ce, "Malam, kai da ke riƙe da littafin tallafi kai ne ka fara zuwa kasuwa?" Ban ba ta amsa ba.

Saƙon ya shigo masara tana gab da fitar da tuta. Cikin mutum 55, 41 ne suka samu. Sauran har yau ban san inda lambobinsu suka maƙale ba. Muka yi sammako zuwa wurin rabo, muka tarar da ƙungiyoyi da yawa sun riga mu. Ranar farko na'urar tantancewa ta ƙi kama sabis. Rana ta biyu dila ya ce ba zai saki kaya ba sai ya ga alamar za a biya shi bashin bara, kuma ban ga laifinsa ba. Rana ta uku aka fara. Kowace rana kuɗin mota ne, kuma rana ce da ba a yi maimai ba. Na lissafa wa kaina: in aka haɗa kuɗin hoto, da na zirga-zirgar gyaran kati, da na mota, da kwanakin aikin da suka salwanta, wani yanki mai kauri na rangwamen ya riga ya narke kafin mutum ya taɓa buhu.

A bakin wurin rabon ne na ga abin da ba ya shiga rahoto. Wasu mutane suna tsaye a inuwa da kuɗi a hannu, ba su da gona, ba su cikin layi. Tsakiyar damina lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, ga ciwon yara, ga 'yan ƙwadago. Da yawa daga cikin mutanena ba su da rabin kuɗin da za su biya. Sai mai inuwa ya biya musu, ya ɗora ɗan wani abu a kai, ya ɗauki buhunan. Manomi ya sa hannu cewa ya karɓa, na'ura ta ƙirga shi cikin waɗanda suka amfana. Na tare ɗaya daga cikin manoman da suka sayar, maƙwabcin gonata ne, na ce, "Haba ɗan'uwa, takin naka?" Ya ce, "Malam, kamfa a kan masarar da ta kusa goyo? Ai ihu bayan hari ne. Gara in sayi magani." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Washegari na ga irin buhunan, da tambarin "ba na sayarwa ba" a jikinsu, a jere a kasuwa. Tirelar mai tarakta kuwa ta fita daga wurin rabon a cike, kuma shi bai yi asara ba, domin yana da noman rani da zai zuba su.

Ni na karɓi nawa. Yuriyar na ƙara wa ɓangaren da na shuka a makare, ta yi amfani. Kamfan da irin na ɗaga su a kan katako na ajiye wa baɗi. In faɗi gaskiya, ban fita da hannu biyu ba, kuma mutum goma sha wani abu da ke da ɗan ƙarfi irin nawa su ma sun ce da babu gara ba daɗi. Abin da ya dame ni shi ne jerin waɗanda suka amfana ya yi kama da jerin waɗanda ko babu shirin za su iya sayen taki: masu kati, masu waya, masu takardar fili, masu abin sayarwa a tsakiyar damina.

Na faɗa wa 'yata haka a waya bayan ta koma makaranta. Ta ce ba mu kaɗai ba ne. Indiya ta fara biyan manoma kuɗi kai tsaye a asusunsu a 2019, rupi 6,000 a shekara, kashi uku, don a kauce wa dila da layi. Amma sunan mai fili ake bi, saboda haka mai haya a can ma yana waje. Ta ce hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a 2021 cewa ana tallafa wa noma da kusan dala biliyan 540 a shekara a duniya, kuma kashi 87 cikin 100 nasa yana karkatar da farashi ko yana cutar da muhalli da lafiya. A ɗaya gefen kuma, gonakin da ba su kai hekta biyu ba su ne kashi 84 cikin 100 na gonakin duniya, suna riƙe da kashi 12 kacal na ƙasar noma, amma suna fitar da wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya ke ci. Na ce ta maimaita mini, na rubuta a bayan littafin rajista. Hektata 1.3 tana cikin wannan lissafi, haka ma ta Inna.

Kaka ta zo, kowa ya kai kaya kasuwa a mako guda domin kowa na da bashi, farashi ya faɗi. Wanda ke da sito ya saya ya kulle, yana jiran bazara. A nan na tuna manoman Indiya da suka yi shekara guda a sansani a bakin Delhi daga Nuwamban 2020, har sai da Firayim Minista Narendra Modi ya janye dokokin noma uku a Nuwamban 2021. Babban abin da suke tsoron rasawa shi ne mafi ƙarancin farashin da gwamnati ke sayen alkama da shinkafa a kai. A lokacin ban gane abin da ya kai su kwana a titi cikin sanyi ba. Tsaye a gaban mai awo, ina kallon abin da aka taya buhuna, na gane.

Da aka kira taron bita a ƙarshen shekara, aka ce kowace ƙungiya ta rubuto ra'ayinta, ko a ci gaba da shirin ko a dakatar. Muka zauna. Yayana ya ce a rubuta a ci gaba, Kawu ya ce a rubuta a dakatar, aka kusa raba ƙungiya gida biyu. Na ce su ba ni dama in rubuta abin da ya faru kawai. Na rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da saƙo ya shigo, na bar su kusa da juna a shafi ɗaya. Na rubuta 73, da 55, da 41, da adadin waɗanda na gani da idona sun sayar a bakin ƙofa. Na roƙi a riƙa buɗe rabo tun kaka, lokacin da manomi ke da kuɗi a hannu, kuma a karɓi shaidar ƙungiya cewa wane ne ke noma gona ko da ba shi ke da takardarta ba. Kawu ya sa na ƙara layi a kan hanya da sito. Duka suka dangwala. Na kai, aka buga hatimi, aka ɗora a kan wasu takardu masu yawa.

Watan jiya malamin gona ya dawo da sababbin fom. An ƙara layi ɗaya, lambar asusun banki. Layin "mai gona" yana nan yadda yake. Inna ta yi kati a wannan karon, jikanta ya kai ta, amma gado har yanzu ba a raba ba, saboda haka na san inda fom ɗinta zai ƙare.

Da jama'a suka watse Kawu ya tsaya. Ya zaro katinsa da takardar gonarsa daga aljihu ya ajiye a kan littafin. Na ce, "Kawu, kai da ka ce kada in wahalar da biro?" Ya ce shi takinsa yana ɗaki tun kaka. "Rubuta sunana. In saƙon ya shigo, ko yaushe ne, ka kai wa Inna buhunan, ni zan biya rabin." Na ce masa wannan fa ita ce dabarar mai tarakta, suna daban, gona daban, kuma ni ne zan sa hannu a ƙasa cewa na tantance. Ya ce ya sani. Ya tura mini katin da bakin sandarsa.

Na buɗe shafi, na rubuta shi a lamba ta ɗaya.